Sarin Dabino da Ajiyarsa a Ƙasar Hausa: Daga Zamanin Ayari Zuwa Zamanin Mota

BABI NA UKU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan itacen dabino da matsayinsa a al'adun Bahaushe. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ake saro dabino mai yawa daga nesa, a adana shi, sannan a yi amfani da shi a hankali har shekara ta zagayo. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, matsalar ajiya ce ta tsara kusan komai a cinikin dabino a ƙasar Hausa, tun daga irin dabinon da ake kawowa, har zuwa wanda yake cin riba da wanda yake yin asara. Dalili kuwa shi ne, dabino yana nuna ne bisa lissafin rana, amma Bahaushe ya fi bukatarsa bisa lissafin wata. Waɗannan lissafai biyu ba su cika haɗuwa ba, kuma a tsakaninsu ne sana'ar ajiya ta samu gindin zama.

3.1 Inda Dabino Yake Fitowa

Ita kanta kalmar dabino tana ɗauke da ɗan tarihi. Balarabe yana kiran busasshen dabino tamr, ɗanye mai laushi kuma ruɗab, to amma Bahaushe bai ari ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, duk da ɗimbin kalmomin addini da na kasuwanci da ya ara daga Larabci. Masana ilmin harshe, irin su Maarten Kossmann, sun danganta kalmar Hausa da ta Barebari, wadda take kama da ita ƙwarai, ga harsunan dangin Buzanci, daga can kuma zuwa tsohon harshen Misira. Wannan yana nuna cewa ta hannun mazauna hamada Bahaushe ya fara sanin dabino.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) shi ne ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita. Wannan bayani yana da muhimmanci ga bincikenmu, domin kuwa gishiri da dabino 'yan gari ɗaya ne. A ƙasar Kawar, wato Bilma da Dirku da garuruwan da ke kusa da su, da kuma Faci da Jado, duk a arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar ta yau, ruwan saman da ake samu a shekara bai kai milimita 30 ba. Ba a noman hatsi. Abin da mutanen wurin, Barebari da Tubawa, suke da shi shi ne gishirin da suke haƙa da dabinon da ke shan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka dole su ba da waɗannan biyu su karɓi gero, in ba haka ba yunwa ta tashe su.

Buzayen Azbin su ne suka tsaya a tsakiya. Da kaka, wajen watan Oktoba, sukan haɗa ayari na dubban raƙuma, su ratsa hamadar Tenere, tafiyar kusan kilomita 600 daga Agadas zuwa Bilma. Da yake babu ciyawa a hanya, raƙuman kan ɗauki harawarsu tun daga Azbin, a riƙa ajiye dammai a zango-zango domin dawowa. A can sai su sauke gero, su yi lodin kantun gishiri da dabino. Bayan sun koma Azbin sun huta, sai su gangaro kudu ta Damargu da Damagaram zuwa Katsina da Kano, wasu kuma su nufi Adar da Gobir da Sakkwato. A ƙasar Hausa suke cin rani, raƙumansu suna kiwo a gonakin da aka girbe suna barin taki, kafin damina ta sauka su koma arewa da gero da baƙin rawani na Kura. Ban da Kawar, akwai dabinon lambunan Azbin, kamar na Timiya, da na Ingal wanda ake kira Almadina, sai kuma wanda fataken Larabawa kan zo da shi ta hanyar Gat da Gadamus.

3.2 Lissafin Rana da Lissafin Wata

Daga wannan tsari za a ga cewa dabinon hamada yana isowa ƙasar Hausa sau ɗaya ne a shekara, a tsakiyar hunturu. Misali, Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri ne daga Azbin a watan Disamba na 1850, ya shigo Kano a farkon Fabrairu na 1851. A wannan shekara kuwa, azumin Ramalana na 1267 bayan Hijira ya kama ne wajen farkon watan Yuli. Ke nan duk dabinon da ya shigo a lokacin ayari sai ya yi wata biyar a ajiye, ya sha zafin bazara, ya shiga damina, kafin ranar da kowa zai neme shi domin buɗa baki.

Shekarar wata ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, don haka azumi yakan zagaye dukkan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. A 1900 an fara azumi a farkon Janairu, wato daidai da saukar ayari. A irin wannan shekara dabino daga bayan raƙumi sai faifan mai talla, babu wata wahalar ajiya. Amma a 1914 azumi ya kama a ƙarshen Yuli, a tsakiyar damina, kuma a cikin yunwar nan da ake kira Kakalaba. Haka abin ya sake maimaituwa: a 1980 da 2013 an yi azumi a watan Yuli, a ƙarshen 1997 kuwa an fara shi a cikin sanyi.

A ganin mai wannan bincike, wannan shi ne mabuɗin fahimtar sana'ar. Bukatar dabino domin ɗaurin aure da raɗin suna da sadaka tana nan a ko'ina cikin shekara, amma kaɗan-kaɗan ce, ba ta girgiza kasuwa. Azumi shi ne yake tara bukatar gari duka a wata guda. Ɗan kasuwar da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa a shekarun da azumi yake faɗowa da hunturu zai iya yin shekara goma bai san asara ba, sai azumi ya gusa ya shiga damina, sannan a gane wanda ya iya ajiya da wanda sa'a ce kawai take tafe da shi.

3.3 Abokan Gabar Dabino

Dabino yana bin matakai kafin ya kai ga bushewa. Da farko kore ne mai bauri, sai ya koma ɗorawa ko ja yana da ƙarfi da garɗi, sai ya yi laushi ya cika da ruwa, daga ƙarshe ya bushe. Busasshen dabino, kimanin kashi 70 cikin ɗari na nauyin namansa sukari ne, ruwan da ke cikinsa kuwa ba ya wuce kashi 20. Wannan yawan sukari da ƙarancin ruwa su ne suke hana shi ruɓewa. To amma shi sukari yana da halin jawo laima daga iska. Muddin dabino yana hamada ko yana cikin hunturun ƙasar Hausa, babu abin da zai same shi. Da zarar iskar damina ta kaɗo, sai ya fara tsotsar laima, ya yi danƙo, ya yi tsami, daga nan sai funfuna.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙwaro. Akwai wasu ƙananan malam-buɗe-littafi da suke yin ƙwai a kan dabino tun yana bisa itace ko yana shanya, tsutsar ta shiga ta wajen hular da ke kansa, ta zauna kusa da ƙwallo tana ci. Akwai kuma ƙananan ƙwari irin na hatsi da suke shiga buhu a ɗakin ajiya. Zafin bazara yana gaggauta hayayyafarsu. Shi ya sa dabino zai yi kyau a ido, a ɓare shi a tarar da gari da kashin tsutsa. Wannan matsala daɗaɗɗiya ce, domin a cikin Sunan na Abu Dawuda an ruwaito daga Anas cewa an kawo wa Annabi (SAW) tsohon dabino, ya riƙa bincika shi yana fitar da ƙwarin da ke ciki. Ɗabi'ar da ake gani wurin dattawa ta tsaga dabino gida biyu a duba kafin a kai baki tana da tushe ke nan. Sai kuma ɓera da gara da kiyashi, waɗanda ba su bukatar dogon bayani.

3.4 Dabarun Ajiya a Zamanin Ayari

Dabara ta farko ita ce zaɓe. A garuruwan hamada ana da dabino mai laushi wanda ya fi daɗi a baki, kuma a wasu wuraren, kamar kudancin Aljeriya, akan danne shi a cikin fatar akuya ko a manyan tuluna har iska ta fita, ya daɗe bai lalace ba. Amma wanda ya fi jure tafiyar wata da watanni a bayan raƙumi, ana sauke shi ana ɗorawa kullum, shi ne busasshe mai tauri. Shi ne ya cika kasuwannin ƙasar Hausa, har ya zama idan aka ce dabino, shi Bahaushe yake kawowa a ransa. Za a iya cewa hanya ce ta zaɓa wa Bahaushe ɗanɗanonsa.

Idan ayari ya iso, ba ya shiga kasuwa kai tsaye. A Kano, Fagge ce zangon Buzaye, a wajen ganuwa. Baƙon ɗan kasuwa yana da fatomansa, wato maigidan da yake saukar da shi, ya ba shi wurin ajiye kaya, ya nemo masa masu saye ta hannun dillalai, ya tsaya masa idan an sayi kaya bashi, a ba shi la'ada. Buzu ba zai iya zama ya jira azumi ba, domin dole ya koma kafin ruwa ya sauka, raƙumi ba ya shiri da laka da ƙudan damina. Don haka nauyin ajiya sai ya koma kan fatoma da attajiran gari masu ɗakunan soro. A nan riba take, a nan kuma haɗari yake. Wanda ya saya da araha a lokacin saukar ayari zai iya sayarwa da tsada bayan wata shida, idan kayan sun kai.

Ginin ƙasa mai kauri ya taimaka ƙwarai, domin yana riƙe sanyi da rana. Ƙa'idojin da masu sana'ar suke bi har yanzu ba su da yawa: a shanya dabino ya bushe sosai kafin a ɗaure, a tsince mai rauni da mai tsutsa don kada ya shafa wa sauran, a ɗora taiki ko buhu a kan itace kada ya taɓa ƙasa, a janye shi daga jikin bango, kada a haɗa sabo da tsoho, sannan a riƙa fito da shi ana shanyawa idan rana ta buɗe. Har ila yau ba a ajiye shi kusa da abu mai wari, kamar daddawa ko albasa, domin yana ɗaukar warin abin da ke kusa da shi. A cikin gida kuwa, inda abin bai wuce tiya ɗaya ko biyu ba, tukunya ko ƙwarya mai murfi ta wadatar, a rataye ta a ragaya saboda ɓera da yara.

Akwai kuma ajiya ta hanyar sarrafawa. Buzaye sukan daka gero da dabino da cuku wuri guda, su dunƙula, idan bukata ta taso a dama da ruwa a sha. Wannan shi ne guzurin 'yan ayari, kuma abin sha ne na girmamawa a ranakun biki a Agadas da kewaye. A ƙasar Hausa dabinon da ya yi tauri har haƙori ba ya iya masa, ba a zubar da shi. Akan jiƙa shi ko a daka shi a zuba a fura ko kunu, kuma a kunun aya yana cikin kayan haɗi na farko. Kafin sukarin kanti ya yawaita, zuma da rake da dabino su ne kayan zaƙin da ake da su.

3.5 Dabinon Gida

Bai kamata a ɗauka cewa duk dabino baƙo ne ba. Barth ya ga itatuwan dabino a cikin birnin Kano, kuma Dalziel, a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya kawo sunaye irin su zabiya da maga a matsayin ire-iren dabino, da kilili a matsayin furensa. Yankin Dutse a Jihar Jigawa ya shahara da shi, a can ne ma aka kafa reshen binciken dabino na cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya, kasuwar Shuwarin kuma ta yi suna wajen cinikinsa. Abin sha'awa shi ne, a wannan yanki dabino yakan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, na rani da na damina. Na rani yana samun bushewa. Na damina kuwa laima ba ta barinsa ya bushe a kan itace, sai a sare shi yana ɗorawa a sayar ɗanye, a cinye cikin 'yan kwanaki. Ke nan dabinon gida bai raba Bahaushe da dogaro ga hamada ba.

3.6 Ajiya ko Ɓoyewa

Da yake mafi yawan masu wannan ciniki Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, shari'a ta shigo cikin lamarin ta fuskoki da dama. Dabino yana cikin abubuwan da ake fitar wa zakka idan ya kai nisabi, wato wusƙi 5, daidai da sa'i 300, kuma yana cikin abin da ake bayarwa a zakkar kono. Ba a musanya dabino da dabino sai mudu da mudu, hannu da hannu, kuma an hana musanya ɗanye da busasshe saboda ɗanye yana raguwa idan ya bushe. Musayar gero da dabino, wadda a kanta cinikin Kawar ya ginu, ta halatta ko da ɗaya ya fi ɗaya yawa, tun da jinsinsu daban, amma da sharaɗin a karɓa nan take.

Inda magana ta fi tsawo shi ne bambanci tsakanin tanadi da ɓoye abinci. Magidancin da ya sayi buhu domin iyalinsa babu laifi a kansa, domin ya tabbata a cikin Buhari cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Bahaushe ma cewa ya yi don tuwon gobe ake wanke tukunya. Haka kuma malaman Malikiyya sun sassauta wa wanda ya yiwo safarar kaya daga wata ƙasa da wanda ya noma abinsa. Wanda aka hana shi ne mai bin kasuwa yana kwashe abin da ke cikinta har ya cutar da jama'a. To a ina za a sa attajirin da ya saye kayan ayari a Janairu yana jiran azumin Yuli? Idan bai ajiye ba, ba za a sami dabino a Yuli ba sam. Idan ya ajiye, shi yake yanka farashi. Ra'ayin mai wannan bincike shi ne, a zamanin ayari uzurin mai ajiya ya fi ƙarfi, domin kaya sau ɗaya suke zuwa, kuma shi yake ɗaukar asarar laima da ƙwaro. A zamanin da mota take iya kawo kaya a kowane wata, wannan uzuri ya ragu ƙwarai.

3.7 Daga Raƙumi Zuwa Mota da Jirgi

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, Faransawa suka kafa sansani a Bilma a 1906, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Waɗannan abubuwa sun karya cinikin da ke ratsa hamada zuwa bakin Bahar Rum, amma ayarin Bilma bai mutu ba, domin bukatar gishiri ga dabbobi da bukatar gero ga mutanen Kawar suna nan. Abin da ya fi yi masa illa shi ne yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar da Faransawa suka yi, wadda ta hallaka mutane da raƙuma, ta kori Buzaye da yawa zuwa kudu. Ayarin ya farfaɗo, sai kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka sake cinye raƙuma.

A daidai wannan lokaci ne manyan motoci suka karɓi aikin. Kwalta ta isa Tamanrasat a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit saboda ma'adinin yuraniyom. Busasshen dabinon Aljeriya ya riƙa kwararowa ta Asamaka da Agadas, ya shigo Nijeriya ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa. Buhu ya maye gurbin taiki, sito ya maye gurbin soron fatoma. Sai dai wani sabon haɗari ya bayyana, wato rufe iyaka. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kwanaki kaɗan da fara azumin wannan shekara. A irin waɗannan lokuta, wanda yake da kaya a sito ya koma matsayin attajirin zamanin ayari.

Jirgin sama kuma ya kawo wani sauyi. A da, mai zuwa Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, yakan yi shekaru a hanya, ba shi da halin dawowa da dabino mai laushi. Tun da jigilar alhazai ta jirgi ta kankama daga shekarun 1950, dabinon Madina ya zama tsaraba tare da ruwan Zamzam, daga baya ya shiga kasuwa a cikin kwali, irin su Ajwa. Wannan iri ba ya jure ɗakin soro da shanya. Sanyi yake so. A cikin firji yakan yi watanni, idan aka daskarar da shi ya shekara, kuma daskarewar tana kashe ƙwaro da ƙwansa. To amma wannan ajiya ta dogara ga wutar lantarki, kuma dabinon da aka fitar daga sanyi aka bari a buɗe yakan yi gumi, ya fi saurin tsami.

Wani abin damuwa shi ne maganin ƙwari. An sha kokawa a kan yadda wasu masu ajiyar hatsi, musamman wake, suke zuba guba a cikin buhu, har hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni a 2019. Idan irin wannan ɗabi'a ta shafi dabino, haɗarinta ya fi na wake, domin wake ana wanke shi a dafa, dabino kuwa daga buhu sai baki, kuma mai azumi da cikinsa yake wayam da ƙaramin yaro su ne suka fi cinsa.